Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Masu Masaukin Baƙi Kafin Bukin Argungu

Kowace sana'a da kakarta. Tela yana jiran jajiberen Salla, mai raguna yana jiran watan Zulhajji, manomi kuwa yana jiran ranar da zai ɗaure dammunansa. Shi ma mai masaukin baƙi, watau mai otel ko mai gidan saukar matafiya, yana da tasa kakar, ita ce lokacin da garinsu zai cika ya batse da mutanen da ba su da dangin da za su sauka wurinsu. Amma akwai wani abu guda da ya sa sana'arsa ta fi sauran wuyar sha'ani. Manomi in bai sayar da hatsinsa yau ba, sai ya zuba a rumbu ya jira bazara. Ɗakin da ya kwana ba kowa a ciki kuwa, kuɗin wannan dare ya tafi ke nan, babu rumbun da za a ajiye shi. Haka kuma ranar da baƙi 100 suka tsaya a ƙofarsa alhali ɗaki 20 gare shi, ba shi da ikon ya jawo dararen da ɗakunan nan suka yi a kulle da damina ya sayar musu.

Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili a ƙasar nan kamar Argungu ta Jihar Kebbi. Gari ne na manoman shinkafa da masunta wanda yake tafiyar da harkokinsa a natse shekara duka, sa'an nan in bukin kamun kifi ya zo, cikin kwana 4 kacal sai ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfin babban birni. Bukin nan, a yadda aka san shi yanzu, ya samo asali ne a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya gagarumin su a kogin Matan Fada don girmama shi, kuma don nuna cewa tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwatawa ta wuce. Watau tun ran farko, buki ne na tarbar baƙo. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da Shugaba Diori Hamani na Jumhuriyar Nijar, daga nan sunan bukin ya ƙara tashi. A 2016 Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ke tinƙaho da su. Ranar babban su, dubban masunta ne ke rugawa cikin ruwa da gorunansu da homarsu, kuma a 2020 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. Duk wanda ya zo kallon wannan, da kabanci da kokawa da dambe, tilas ya ci, ya sha, ya yi wanka, ya kwanta a wani wuri.

Gadon Fatoma

Kafin a shiga zancen janareta da tankin ruwa, ya kamata a tuna cewa saukar baƙi don kuɗi ba Turawa ne suka kawo mana shi ba. Tun zamanin fatake akwai fatoma, wanda ke saukar da ayari, ya ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillalai, ya karɓi la'adarsa. Masu karatunmu na Sabo a Badun da na Shagamu da na Agege sun san wannan tsari sarai, domin a can maigida ake ce masa, kuma a kansa cinikin shanu da na goro ya daɗe yana tafiya. Wani Bature mai binciken zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Badun, ya kuma rubuta littafi a kan masu gidajen nan wanda ya fito a 1969, inda ya nuna yadda maigida kan tsaya wa mai saye a ba shi shanu bashi, in kuwa mai sayen ya ci amana shi zai biya baƙonsa daga aljihunsa.

Abin lura a nan shi ne maigida bai taɓa jiran baƙi su yi masa ba-zata ba. Ya san watan da goro ke kaka, ya san mako nawa kafin Babbar Salla motocin raguna za su fara sauka. Ya san Alhaji wane na Illela ba ya zuwa da ƙasa da yara 4, ya san wane ba ya cin manja. Jarinsa na gaskiya shi ne mutanen da ke komowa gidansa kowace shekara har 'ya'yansu su gaje su. A ganinmu, mai otel na zamani da ya sayi kwamfuta amma bai san sunan baƙonsa na bara ba, fatoma ya fi shi sanin sana'a.

Ruwa Da Wuta

Tsofaffin hannu a wannan harka sukan fara shiri ne wata 3 kafin buki, kuma ba da fenti suke farawa ba. Da ruwa suke farawa. Bari mu yi ɗan lissafi don misali. A ɗauka mutum yana da ɗaki 20, kowanne da baƙo 2. In kowane baƙo zai ci jarka 3 masu lita 25 a wuni, tsakanin wanka da alwala da bayan gida, jarka 120 ke nan, watau lita 3,000, ba a sa na ɗakin girki da na wanki ba. To, kuma wannan lissafin na takarda ne. Babban mutum a ƙasar Hausa ba ya tafiya shi kaɗai. Ɗaki ɗaya zai kama, amma a bayansa akwai direba, da 'yan sanda ko dogarai, da 'yan rakiya, wani lokaci har da makaɗa da maroƙa, waɗanda za su shimfiɗa tabarma a baranda, kuma kowannensu da butarsa. Mai masaukin da bai ninka lissafin ruwansa saboda waɗannan ba, ranar Jumma'a da safe zai ga tankinsa ya ƙafe, kuma a ranar 'yan ga-ruwa ba su sauraron kowa sai wanda ya fi tsoka. Saboda haka tun da wuri ake wanke tankuna, a duba injin rijiyar burtsatse, a ajiye wani na ko-ta-kwana, a kuma ƙulla magana da mai tankar ruwa a ba shi wani abu ya riƙe.

Akwai wani aiki da ba a son ambatonsa a cikin jama'a, amma shi ya fi kunyata masu masauki, watau yashe ramin masai. Ramin da ya ɗauki mutum 5 shekara guda ba tare da ya nuna alama ba, yana iya tumbatsa cikin kwana 2 in mutum 80 suka hau kansa. Wanda ya taɓa ganin haka ta faru a gidan da manyan baƙi ke ciki ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Game da wutar lantarki kuwa, abin da ya auku a watan Oktoba na 2024, sa'ad da jihohin Arewa da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, ya isa ya koya wa kowa cewa janareta ne uban ɗaki, wutar kamfani kuwa baƙuwa ce. Makanikai sukan ce a juye baƙin mai bayan kimanin awa 250 na aiki, a canja matatun mai da na iska. Amma gwajin da ya fi muhimmanci shi ne wanda mutane da yawa ba su yi. Wata guda kafin buki, a zaɓi dare ɗaya a kunna kome da kome a lokaci guda: na'urorin sanyaya ɗaki duka, da firiji, da injin ruwa, da dutsen guga, a bar su har asuba. Injin da ke ɗaukar ɗaki 4 yana murmushi, a nan ne za a ji ko zai ɗauki 20. A nan ne kuma wayar da ɓera ya ci a cikin rufi za ta nuna kanta, tun ba baƙo a ƙarƙashinta. Mai kuwa, tun da aka janye tallafi ran 29 ga watan Mayu na 2023, fetur ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kimanin Naira 500 a kowace lita cikin 'yan kwanaki, bai kuma tsaya nan ba. Wannan ya sa masu ƙananan masaukai da dama suka koma ga farantan hasken rana don fitilu da fanka da jawo ruwa, suka bar wa janareta aiki mai nauyi kaɗai. Duk man da za a tanada, a nisanta shi da ɗakin girki, domin ƙarshen hunturu lokacin gobara ne, kome ya bushe ƙayau.

Yanayin ma sai an yi masa shiri biyu. Bukin yakan faɗo ne tsakanin Fabrairu da Maris, lokacin da sanyin asuba bai gama tafiya ba, zafin rana kuma ya riga ya kunno kai, don haka bargo da fanka duk suna da aiki. Lokacin ne kuma na cutar sanƙarau, wadda ta yi ɓarna ƙwarai a Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Katsina a 2017, kuma ba abin da take so kamar cunkoso a ɗakin da iska ba ta shiga. Mai gidan da kwaɗayi ya sa ya cusa mutum 10 a ɗakin da aka yi don 2, ya kuma bar taga a ƙulle, da ran mutane yake wasa.

Littafi Ɗaya, Hannu Ɗaya

Yawancin rigingimun da ake yi a ƙofar otel ranar buki daga littafin kama ɗaki suke tasowa. Maigida ya yi wa abokinsa alkawari ta waya, manaja ya karɓi kuɗin wani, akawun dare shi ma ya rubuta sunan wani dabam, duk a kan ɗaki mai lamba 7. Maganin wannan ba shi da tsada: littafi ɗaya, ko a takarda ko a kwamfuta, a hannun mutum ɗaya, kuma ba a rubuta sunan kowa sai ya ba da kafin alƙalami an ba shi rasit. Ko maigidan ne ya yi alkawari, sai ya bi ta wannan hannu.

Sa'an nan akwai wata mummunar ɗabi'a da ya kamata a faɗe ta ƙarara. Malamin makaranta ya taso daga Ilori ko Jos da iyalinsa, ya biya kuɗin ɗaki tun wata guda da ya wuce, ya iso da magariba a gajiye, sai a ce masa a yi haƙuri, wani babba ya zo an ba shi ɗakin, ga kuɗinsa. Ina zai nufa da mata da yara a garin da ko zaure babu sarari? Ribar da aka ci a kan wannan ɗaki ba ta kai ɓacin sunan da za ta jawo ba, balle yanzu da kowa ke riƙe da waya, kafin gari ya waye labarin ya zaga Facebook da WhatsApp. Ƙara kuɗin ɗaki lokacin buki ba laifi ba ne, domin kwanakin nan ne za su ciyar da watannin da ba kowa. Abin da ba shi da kyau shi ne a faɗi farashi a watan Janairu, baƙo ya iso a canja masa baki.

Mai masauki kuma ya yi hattara da baƙin hukuma. Sau da yawa wani kwamiti ko wata ma'aikata takan kama gida ɗungurungum da takarda mai hatimi, a yi murna an sami babban ciniki, a ci a sha a watse, sa'an nan a shiga zaryar ofis-ofis wata da watanni ana neman biya, alhali mai shinkafa da mai gas suna tsaye a ƙofa. Masu wayo sukan nemi rabin kuɗi a hannu kafin su ba da mabuɗi, su kuma keɓe wasu ɗakuna don tsofaffin baƙinsu masu biya nan take. Wajen karɓar kuɗin ma da sauran magana. In taro ya yi yawa layukan waya sukan cushe, na'urar POS ta ƙi aiki, ga kuma 'yan damfara masu nuna saƙon banki na jabu. Ƙarancin takardun Naira da aka sha a farkon 2023 ya nuna cewa dogaro da hanya ɗaya kasada ce. A tanadi na'ura fiye da ɗaya a kan layuka dabam-dabam, kada kuma a ba da ɗaki sai an ga kuɗi sun shiga asusu da idon mai gida.

Wani abin da ya wajaba a rubuta a jikin rasit shi ne yadda za a yi in an ɗage buki ko an fasa. Wannan ba zancen fatar baki ba ne. A 2006 an hana su a Argungu saboda ƙarancin ruwa a kogi. Bayan bukin 2009 kuwa sai da aka shekara 10 ba a yi ba, sai a watan Maris na 2020. A Kano ma, inda hawan Salla ke cika otel-otel, 'yan sanda sun hana hawan a Babbar Sallar 2024 da kuma Ƙaramar Sallar 2025 saboda rikicin sarauta. Wanda ya ci bashin banki ya sayi katifu 50 yana jiran taron da bai zo ba, shi kaɗai ya san irin daren da ya kwana.

Tukunya Da Ma'aikata

Ta fuskar abinci, mutanen Kebbi Allah Ya hutar da su. Shinkafa a ƙofar gida take, har akwai babban injin casa na kamfanin WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, albasa kuwa ga Aliero nan kusa. Abin da ba ya lalacewa, da kaka ake sayensa a ajiye. Kifi ne ke da ɗan ban dariya. Duk baƙon da ya zo bukin kamun kifi, kifi yake so a sa masa a faranti, amma Matan Fada a rufe yake ga masunta har ranar gasa, saboda haka kuku mai tunani tun da wuri yake aika wa dillalan Yawuri da sauran garuruwan bakin Kwara su tanadar masa giwan ruwa da tarwaɗa, ɗanye da banda. Kada kuma a yi dogon jerin abinci. Kala 4 ko 5 da za a iya dafawa da yawa, a kuma fitar da su da zafinsu, sun fi kala 20 da rabinsu za a ce wa baƙo sun ƙare. Dafaffiyar shinkafar da ta wuni a buɗe cikin zafin Maris ba ta da wurin zuwa sai juji, kome tsadarta.

A duba kalanda kuma. Shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, don haka azumi yana zagaya yanayi duka. A 2025 ran 1 ga watan Maris aka ɗauki azumi, watau daidai lokacin da aka saba yin taruka irin na Argungu da kasuwar baje koli ta Kaduna. In cunkoso ya haɗu da Ramalana, aikin ɗakin girki juyewa yake yi ɗungum: rana shiru, sa'an nan kowa yana son kunu da ƙosai a minti ɗaya da faɗuwar rana, ga kuma sahur da ƙarfe 4 na asuba.

Ma'aikatan wucin gadi tilas ne, kuma yawanci samarin gari ne da ɗalibai. Kuskuren da akan yi shi ne a ɗauke su ranar Talata a sa su aiki ranar Laraba. Yaron da bai taɓa gyara gado ba, bai san a ƙwanƙwasa ƙofa a yi sallama a jira ba, ba laifinsa ba ne in ya yi aika-aika. Mako guda na koyo a hannun tsofaffin ma'aikata ya isa, a kuma yanke ladansu tun farko, a raba musu aiki na dare da na rana, domin mutumin da ya yi awa 20 a tsaye ba ya iya shimfiɗar fuska, ita kuwa an ce ta fi ta tabarma. Da yake Kebbi ta yi iyaka da Nijar da Benin, samun mutum ɗaya a wurin karɓar baƙi mai jin Faransanci ko Zabarmanci ba ƙaramar riba ba ce. Zanen gado kuma ƙa'idar manyan otel ita ce 3 ga kowane gado, ɗaya a shimfiɗe, ɗaya a wurin wanki, ɗaya a ajiye. Sai ƙananan abubuwan da ba su da tsada amma baƙo ba ya mantawa da su: buta, da darduma, da alamar alƙibla a bango, da gidan sauro marar huji. A rubuta sunan kowane baƙo da lambar motarsa, a ƙara masu gadi, a kuma sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa yawan mutanen da ake sa rai.

A Gina Ko A Ara?

Duk mai masaukin da ya kori baƙi 50 a dare ɗaya don rashin wuri, zuciyarsa za ta raya masa ya ƙara gini. Kafin ya kira magina, ya tuna da otel ɗin Durbar na Kaduna. An gina shi ne saboda bukin FESTAC na 1977, don saukar baƙin da suka zo kallon babban hawan daba da aka yi a Kaduna a watan Fabrairu na shekarar. Katafaren gini ne wanda ya yi tashe a zamaninsa, daga baya ya faɗa cikin jayayyar mallaka, ya yi shekaru a yashe, har aka rushe shi a watan Janairu na 2020. Dalilan mutuwarsa suna da yawa, amma ko ba kome ya nuna cewa ginin da aka auna da taron mako guda, ciyar da shi sauran shekara aiki ne ja.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce aro. Wasu sukan yi yarjejeniya da maƙwabta masu gidajen da ba kowa, su share, su sa katifu, su raba kuɗin. Wasu sukan kafa rumfuna masu tsabta da makewayi na dabam don direbobi da 'yan rakiya, a kan kuɗi kaɗan. Birnin Kebbi kimanin kilomita 50 ne daga Argungu, Sakkwato kuwa kimanin 100, kuma dukansu suna da filin jirgin sama, don haka baƙi da yawa a can suke kwana su yi sammako. Mai masaukin Argungu da ya ƙulla zumunci da takwarorinsa na waɗannan birane yana iya tura musu wanda ya rasa wuri, tare da motar da za ta kawo shi da safe, su ma su turo masa masu son cin abincin rana da hutawa kusa da bakin kogi. Ranar Lahadi, in motoci sun gama fita, sai a zauna da littafi tun ba a manta ba: jarka nawa aka sha, lita nawa aka ƙona, wane ɗaki ne famfonsa ya yi yoyo, wane yaro ne ya yi ƙwazo a sake kiransa, tawul nawa ne suka bi baƙi gida, da kuma lambobin wayar waɗanda suka ce a riƙe musu ɗakinsu na baɗi.